Rariyar Banɗaki: Ƙaramin Abin Da Ke Cinye Jarin Masu Gidaje A Digil Da Mubi

MUBI — Duk wanda ya ratsa lungunan Digil da sauran unguwannin da ke kewaye da garin Mubi cikin Jihar Adamawa, ba zai rasa ganin gidan da gindin katangarsa ya yi baƙi ba, filasta ta kumbura tana zubewa, wani farin abu kamar gishiri ya fito a jikin bulo. Galibin jama'a sukan ɗora laifin a kan damina. Amma idan aka lura da kyau za a tarar cewa sau da yawa wannan tabon yana daidai bayan banɗaki ne, kuma yana nan jiƙe ko da tsakiyar rani, lokacin da aka yi watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Asalin ɓarnar yana wani wuri da bai wuce faɗin tafin hannu ba, wato bakin rariyar da ruwan wanka ke bi ya fita.

Wannan magana ta shafi tattalin arziki kai tsaye, domin gida shi ne jari mafi girma da yawancin magidanta suke mallaka a tsawon rayuwarsu, kuma shi ne abin da suke fatan bar wa 'ya'yansu.

Yadda gine-gine suka sauya

Digil ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa. Shi kuwa garin Mubi, wanda Kogin Yedzaram ya ratsa, yana gindin duwatsun Mandara ne kusa da iyakar Nijeriya da Kamaru, kuma ya daɗe da zama cibiyar kasuwanci, musamman saboda kasuwar shanunsa wadda ake loda dabbobi daga cikinta zuwa kudancin ƙasar nan. Tun bayan ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ta 1961, wadda ta haɗa yankin da Nijeriya, garin ya zama hedkwatar Lardin Sardauna. Kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1979, da kuma Jami'ar Jihar Adamawa a 2002, ya jawo dubban ɗalibai da ma'aikata waɗanda dukkansu suke bukatar muhalli.

A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka watse, kafin sojoji su ƙwato shi a watan Nuwamba na wannan shekarar. Da mutane suka komo, sai aka shiga gyaran gidajen da suka lalace da kuma gina sababbi. A cikin wannan gyara ne salon gini ya ƙara sauyawa. Ɗalibai da ma'aikata da sababbin ma'aurata sun fi son ɗaki mai banɗaki a ciki, kuma mai gida ya san cewa irin wannan ɗaki ya fi kawo kuɗin haya. Saboda haka ake ta fasa tsofaffin makewayai ana shigar da wurin wanka cikin ɗaki, a sa tayil, a ɗaura shawa.

A da, makewayi yana can ƙuryar gida ne, sararin sama a buɗe, rana tana busar da shi kullum, ruwa kuwa ya bi ta rariyar gindin katanga ya fita. Magina na gargajiya a ƙasar Hausa sun san illar ruwa ga ginin ƙasa, shi ya sa suke shafe bango da makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Yanzu an ɗauko wurin wanka daga inda rana ke dukansa an kai shi ƙarƙashin rufi, bango ɗaya da ɗakin kwana, amma ba kowane magini ne ya taho da dabarar da za ta maye gurbin makuba da laso ba.

Lissafin ruwa

Ɗan ƙaramin lissafi zai nuna girman al'amarin. A ɗauka gida ne mai mutum 10, kowannensu yana wanka da bokiti ɗaya mai cin lita 20 a rana. Wannan ya kama lita 200 a kullum, wato lita 73,000 a shekara, ban da na wanki da alwala. Duk wannan ruwa yana sauka ne a kan daɓen da bai wuce murabba'in mita 3 ba. Ruwan saman da ake samu a yankin Mubi yakan kai wajen milimita 900 zuwa 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa Oktoba. Idan da wannan daɓe a fili yake, ruwan saman da zai zubo masa a shekara ba zai wuce lita 3,000 ba. Ashe ke nan daɓen banɗaki yana karɓar ruwan da ya ninka na damina fiye da sau 20, kuma babu ranar hutu.

Idan kashi 1 kacal cikin 100 na wannan ruwa ya sulale ta gefen rariya maimakon ya shiga bututu, to lita 730 ke nan a shekara, fiye da durom uku da rabi, suna shiga ƙarƙashin daɓe da gindin bango. Ginin ƙasa yakan jiƙa daga tushe har ya zauna. Bulon siminti kuwa yana tsotsar ruwa zuwa sama, ya kwaso gishirin ƙasa ya fito da shi, fenti da filasta su saki. A gidan bene abin ya fi muni, domin ruwan yana ratsa kankare ya tarar da rodi. Rodi idan ya yi tsatsa yakan kumbura, ya tsaga kankaren da ke riƙe da shi. Danshi kuma yana gayyato gara, wadda takan bi ta nan ta kai ga katakon ƙofa da na rufi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaton cewa tayil yana hana ruwa wucewa. Fuskar tayil ba ta shan ruwa sosai, amma simintin da ake cusawa tsakanin tayil da tayil yana sha, kuma yakan tsage da daɗewa. Ruwan da ya shiga ƙarƙashi yana neman wuri mafi sauƙi, wanda galibi shi ne inda bututun roba ya haɗu da siminti. Roba da siminti ba su kama juna da kyau, kuma zafi da sanyi suna sa kowannensu ya miƙe ya tsuke a kan nasa ma'auni, har ƙaramar kafa ta buɗe a tsakaninsu.

Yadda ake aikin daidai

Ƙa'idojin wannan aiki sanannu ne a wurin ƙwararrun masu aikin famfo, kuma babu wani abu a cikinsu da ya fi ƙarfin mai gida ya fahimta ya kuma sa ido a kai.

Da farko, idan za a sake wurin wanka, kamata ya yi a fasa tsohon daɓe gaba ɗaya a duba tsohon bututu, a bar wurin ya bushe. Ɗora sabon tayil a kan tsohon daɓen da ke yoyo rufe ciwo ne da tsumma. Tsohon bututun ƙarfe da ya yi tsatsa a cire shi, a sa na roba mai kauri, wanda faɗinsa ya kai inci 2, wato milimita 50, a kwantar da shi yana gangarawa waje. Mahaɗar bututu da bututu a yanke ta daidai, a goge, a shafa gam ɗin da aka yi domin wannan aiki. Al'adar nan ta gasa bakin bututu a wuta don a buɗa shi a cusa wani a ciki, ko ɗaure mahaɗa da robar tsohuwar taya, tana cikin manyan dalilan yoyo, domin wuta tana raunana roba, kuma irin wannan mahaɗa ba ta daɗewa.

Na biyu, a ƙarƙashin bakin rariya akwai bukatar gwiwa mai lanƙwasa wadda take riƙe ruwa kimanin santimita 5 a koyaushe. Wannan ɗan ruwa shi ne ke tare wari da kyankyasai daga dawowa cikin ɗaki. Shi kansa bakin rariyar ya fi kyau a sayi mai faffaɗan leɓe, domin a kan wannan leɓe ne za a manne abin hana ruwa.

Na uku, a yi daɓen farko yana gangarowa daga kowace kusurwa zuwa bakin rariya, da gangaren santimita 2 a kowace mita ɗaya. A kan wannan daɓe ne ake shimfiɗa abin hana ruwa, ko dai takardar kwalta, ko kuma maganin da ake shafawa da burushi sau biyu. Wajibi ne ya hau jikin bango aƙalla santimita 15 a kowane gefe, ya fi haka nesa a bangon da ruwan shawa ke duka, kuma ya rufe leɓen rariya ba tare da wata kafa ba. Wasu bakunan rariya suna da ƙananan huji a gefe, waɗanda aikinsu shi ne fitar da ruwan da ya shiga ƙarƙashin tayil. Magini da bai san amfaninsu ba yakan toshe su da siminti, ya mayar da ƙarƙashin tayil ƙaramin tafki.

Na huɗu, kuma wannan shi ne matakin da ba ya cin ko sisin kwabo amma aka fi tsallake shi, a toshe rariya a cika daɓen da ruwa, a sa alama a bango, a bar shi sa'o'i 24. Idan ruwan ya ragu fiye da abin da iska za ta iya busarwa, ko aka ga laima a bayan bango ko a ƙarƙashin bene, to akwai gyara, kuma a lokacin gyaran yana da arha domin ba a sa tayil ba tukuna. Har ila yau siminti yana bukatar a riƙa jiƙa shi na aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. A zafin watannin Maris da Afrilu, ko lokacin hunturu da iska ke busar da kome, daɓen da aka bari ya bushe da gaggawa yakan tsattsage tun ba a fara amfani da shi ba.

Tsadar kaya da tsimin da ke jawo hasara

Ana iya tambaya, tun da ƙa'idojin ba su da wuya, me ya sa ba a bin su? Amsa ta farko ita ce tsadar kayan gini. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da kuma sakin darajar Naira ga kasuwa a watan Yuni na wannan shekarar, farashin kusan kome ya tashi. A farkon 2024 buhun siminti mai kilo 50 ya haura Naira 10,000 a sassa da dama na ƙasar nan, har ta kai Gwamnatin Tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti a watan Fabrairu aka amince da farashin Naira 7,000 zuwa 8,000. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a watan Disamba na 2024.

Garuruwa irin su Mubi suna da ƙarin nauyi a kan wannan. Masana'antar siminti ta Ashaka tana Jihar Gombe, ta Gboko tana Jihar Binuwai, bututu da tayil kuwa galibi daga Kano ko Legas ko Anacha ake ɗauko su. Kowane buhu da kowane bututu sai ya biya kuɗin mota na ɗaruruwan kilomita kafin ya iso Digil. Bugu da ƙari, mafi yawan sinadarin da ake yin bututun roba da shi daga ƙasashen waje ake shigo da shi, don haka farashinsa yana bin na Dala.

Mai gidan da kuɗinsa suka kusa ƙarewa yakan duba inda zai rage. Ba zai rage tayil ba, domin shi ne mai haya yake gani. Ba zai rage fenti ba. Abin da yake ragewa shi ne wanda za a binne a ƙarƙashin daɓe: bututu mai kauri, gam, gwiwa, abin hana ruwa, da kwanakin jira. Alhali kuwa bakin rariya mai kyau ba kasafai kuɗinsa ke wuce na buhun siminti ɗaya ko biyu ba. Idan yoyo ya bayyana bayan shekara biyu ko uku, sai an fasa tayil ɗin duka, wanda ba ya sake amfanuwa, a sayi sabo da sabon siminti da yashi, a biya leburori sau biyu, na fasawa da na ginawa, a sake filasta da fentin ɗakin da ke maƙwabtaka, sa'an nan a yi hasarar kuɗin hayar watannin da ɗakin yake a rufe. A lokacin hauhawar farashi kuwa duk waɗannan kaya za a saye su ne a kan farashin gobe, wanda ya fi na yau. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Amsa ta biyu ita ce aikin ɓoyayye ne. Mai gida yana iya ganin karkataccen tayil nan take ya ƙi biya, amma ba ya iya ganin mahaɗar da ba a sa wa gam ba. Magini mai gaskiya da ya sa kuɗin abin hana ruwa da na kwanakin gwaji a cikin lissafinsa, sai a ga farashinsa ya fi na wanda ya tsallake su, a ba wancan aikin. A hankali kasuwa takan kori mai aikin ƙwarai ta bar mai aikin ha'inci, ba don jama'a sun fi son ha'inci ba, sai don ba su da hanyar bambancewa a ranar ciniki. Haka abin yake a shagon kayan famfo, inda bututu mai kauri da sirara suke kama da juna a ido. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wato SON, wadda aka kafa a 1971, tana da tsarin MANCAP na tantance kayan da ake yi a cikin gida, da na SONCAP na kayan da ake shigowa da su. Neman tambarin wannan tantancewa a jikin kaya, da gwada kaurin bututu da hannu, kariya ce da ba ta cin kuɗi.

Amsa ta uku tana gidajen haya. Mai haya yana ganin laima a bango amma ya san gidan ba nasa ba ne, kuma watakila ƙarshen zangon karatu zai tashi. Mai gida kuwa ba ya kwana a ɗakin, sai ƙarshen shekara yake zuwa karɓar kuɗi. Tsakanin waɗannan biyu ɓarna takan yi shekaru tana ci ba wanda ya taɓa ta.

Inda ruwan yake zuwa

Rariya mai kyau a cikin ɗaki rabin aiki ce, domin ruwan da ya fita sai ya sami inda zai tafi. A unguwanni da yawa ana sakin ruwan wanka ne kai tsaye a kan hanya, ya kwanta a gindin katangar maƙwabci, ya zaizaye lungu, ya zama matattarar sauro. A nan mai gida ya tsimi kuɗin haƙa rami, amma maƙwabtansa ne suke biya da gyaran katanga da kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan ne ke haddasa ƙararraki a gaban masu unguwanni.

Maganinsa shi ne ramin sokawe da aka cika da duwatsu da tsakuwa, a nesa da harsashin gini. Sai dai shi ma yana da ƙa'ida. Ma'aunin da hukumomin agaji na duniya suke aiki da shi ya tanadi cewa ramin ƙazantaccen ruwa ko na masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ƙasansa ya kasance aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake. A inda filaye suka tsuke, kowane gida da rijiyarsa da masai ɗinsa, cika wannan sharaɗi sai maƙwabta sun zauna sun daidaita.

Jama'ar Mubi sun san abin da gurɓataccen ruwa yake jawowa. A watan Mayu na 2018 cutar kwalara ta ɓarke a Ƙananan Hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, ɗaruruwan mutane suka kamu, aka yi hasarar rayuka, har ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shigo ta taimaka wa hukumomin lafiya na jiha. A matakin ƙasa kuwa, wani rahoton Bankin Duniya na 2012 ya ƙiyasta cewa Nijeriya tana hasarar Naira biliyan 455 a shekara saboda rashin tsabtar muhalli, wato kimanin kashi 1.3 cikin 100 na abin da ƙasa take samarwa a lokacin. A watan Nuwamba na 2018 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsabtar muhalli, sa'an nan a 2019 ta ƙaddamar da yaƙi da bahaya a fili. Wannan yunƙuri yana nufin gina makewayai masu ɗimbin yawa, kuma duk wanda aka gina ba tare da rariya da rami masu inganci ba, wata sabuwar matsala aka dasa.

Abin da ya kamata a yi

Nijeriya tana da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, amma aiki da shi ya rataya ne a kan jihohi da hukumomin tsara birane, kuma da wuya jami'i ya je duba gyaran banɗaki a ƙauye ko a bayan gari. Saboda haka mafita mafi kusa tana hannun masu sana'a da masu gidaje.

Akwai cibiyoyin da za su iya taimakawa. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, da Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, sun daɗe suna koyar da sana'o'in hannu, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha a cikin garin Mubi kanta. Gajeren horo na 'yan kwanaki ga birkiloli da masu aikin famfo da masu sa tayil, a cikin harshen Hausa ko Fulatanci, zai yi tasiri fiye da kuɗin da za a kashe a kansa. Ƙungiyoyin magina su ma suna iya mayar da gwajin ruwa na sa'o'i 24 sharaɗi a tsakanin membobinsu, domin hakan zai bambanta su da 'yan cin rani da ke karɓar aiki su ɓace.

Su kuma masu gidaje, shawarar ita ce su raba biyan kuɗin aiki gida biyu, kada su biya kashi na biyu sai an yi gwajin ruwa a gabansu kafin a sa tayil. Su sayi bututu da gam da bakin rariya da kansu ko tare da wanda suka amince da shi. Idan kuɗi ba su isa ba, ya fi riba a yi daɓen siminti mai kyau da rariya mai inganci a jinkirta tayil zuwa baɗi, domin tayil ana iya ɗora shi kowane lokaci, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa sau ɗaya ake samun damar yin sa cikin sauƙi. Wanda ya riga ya ga laima a bangonsa, watannin rani su ne lokacin gyara, kafin ruwan Agusta ya sauko ya haɗu da na banɗaki a gindin bango guda.